Ruwan Shan Sale

Malam Haladu na Durun ya yi alwala da ruwan shan ƙanena Sale a tsakiyar teku, har Sale ya mutu harshensa a bushe. Sannan ya riga ni dawowa gida, ya zauna a kan tabarmar mahaifiyarmu a Lakwaya, ya ce mata shi ne ya hana kansa ruwa ya ba ɗanta. Abin da aka yi mini ke nan. Na sa shi a farko don kada wani ya karanta rabi ya ajiye bai san dalilin rubutun ba. Ni ba malami ba ne. A aji shida na tsaya, allo kuma ban kai izu goma ba. Amma abin da idona ya gani ba ya bukatar karatu.

Zamanin tsuke bakin aljihu ne, lokacin da Naira ta faɗi ƙasa warwas. Masaƙar da muke aiki a Kano ta sallame mu rana ɗaya, ni da Sale. Muka koma Lakwaya, ga gona, babu taki. Sale yana da mata da ɗa ɗaya, ni ina da 'ya'ya uku. A nan Haladu ya same mu. Yana da ɗan Larabci, yana da rawani, yana magana a hankali kamar ba ya son ta da ƙuda. Ya ce hanyar Sudan ta lalace, ana kama mutane, amma ya san wata ta kudu, daga can jirgin ruwa zai kai mu ƙasa mai tsarki mu yi aiki mu yi ibada. Muka bi shi.

A Bangi ta Afirka ta Tsakiya muka yi wata huɗu muna dako a bakin kogi. A Zayar sojoji suka ƙwace rediyon Sale da takalmansa, ya yi kwana tara yana tafiya da silifa wari biyu ba iri ɗaya ba. A wani ƙauye can wata tsohuwa da ba ta jin ko "sannu" ta ga muna kallon tukunyarta, ta juye mana dafaffen rogo a ganye, ta koma ta zauna ba ta ƙara kallonmu ba. Har yau ina sa ta a addu'a, ban san sunanta ba, ban san addininta ba. Uganda muka ratsa a bayan motar gawayi. Da muka isa Mombasa mun kusa shekara da barin gida, Sale ya rame har wandonsa da igiya yake ɗaure shi.

Jirgin da ya yarda ya ɗauke mu na katako ne, an ɗinke shi da ƙusa da kwalta, yana warin kifi da man shanu da ya lalace. Inji yana ciki amma ya mutu tun kafin zuwanmu. Abin da ke tafiyar da shi wani ƙaton zane ne mai kusurwa uku, yadi mai kauri irin na tanti, da ake ja sama da igiyoyi iska ta cika shi. Ni da na yi shekara takwas a gaban injin saƙa, na taɓa yadin na san ya tsufa. Kayan jirgin sanduna ne na rufin ɗaki, kamar azara, da buhunan ganyen shayi, za a kai Yaman. Ma'aikata goma sha huɗu ne, duk Musulmi, suna magana da yarensu da Larabci. Shugabansu suna ce masa nahoda. Makewayi wani akwati ne a rataye a gefen jirgi, ka tsuguna kana ganin teku a ƙarƙashinka. A madadin kuɗin jirgi ni aka ba aikin kwashe ruwan da ke tsattsafowa a gindin jirgi da guga. Sale yana jan igiya. Haladu ba ya komai, shi tafinta ne, don shi kaɗai ke jin abin da ake ce mana.

Ranar farko da azahar ya tsayar da mu muka kalli gabas kamar yadda muka saba tun haihuwa. Ma'aikatan suka fashe da dariya. Nahoda ya zo ya kama kafaɗar Haladu ya juya shi arewa, ya nuna masa wata allura a cikin akwatin gilashi. Ashe mun yi kudu da Makka sosai, alƙibla ta koma arewa. Haladu ya juya, amma na ga wuyansa ya kumbura. Malami ne shi a gabanmu, an juya shi kamar buhu.

Da la'asar ya ga ma'aikatan suna jefa guga a teku suna alwala. Ya kira mu gefe.

"Kun ga jahilcin da na ke gudu?" in ji shi. "Ruwan tsarki sharaɗinsa uku: kada launinsa ya canja, kada ƙamshinsa ya canja, kada ɗanɗanonsa ya canja. Garba, ɗanɗana wannan."

Na ɗanɗana na tofar.

"To? Wannan ruwa ne ko kanwa? Duk sallarsu banza ce. Mu ba za mu zo har nan mu kai wa Allah salla ba tsarki ba."

Sale ya ce, "To Malam, mu yi taimama mana."

"Da wace ƙasar? Ka ga ƙasa a nan?"

Ana ba kowa gwangwani uku na ruwan daɗi a rana daga wasu durori biyu da ke ɗaure a gindin turken jirgi, wato dogon icen da zanen ke rataye a kai. Haladu ya yanke cewa kowannenmu zai zuba ɗaya a buta don alwala. Muka yarda. Ba mu taɓa ganin teku ba, mu mutanen rijiya ne. Har wani alfahari muke ji, mu ne masu salla ta gaskiya a cikin jirgin.

A rana ta uku nahoda ya gan mu. Ya taso yana ihu, yana nuna butar, yana nuna teku, jijiyar goshinsa ta miƙe. Ya daɗe yana magana da Haladu da Larabci. Da ya tafi na ce, "Malam, me ya ce?"

"Cewa ya yi kada mu jiƙa masa katako. Nan gaba mu riƙa yi a bayan sanduna."

Muka koma bayan sanduna muna yi a ɓoye.

A rana ta biyar iska ta ɗauke. Ba a hankali ba, ɗif, kamar an rufe ƙofa. Zanen ya saki ya rataye. Ruwa ya kwanta sumul kamar faranti, wani irin ja na ƙarƙashi ya yi ta janye mu daga gaɓa har ƙasa ta ɓace. Ba tsuntsu, ba kifi mai tsalle. Abin da kake ji kawai kukan katako, ƙiii, ƙiii, da numfashin mutane. Kwalta tana narkewa tana manne wa ƙafa. Aka duba duro na biyu aka tarar ya tsage ta ƙasa, rabinsa ya tafi. Nahoda ya mai da ruwa gwangwani biyu. Haladu ya ce ɗaya na buta yana nan, farilla ba ta raguwa don an shiga wuya.

A nan zazzaɓi ya kama Sale, da gudawa. Duk da haka da hannunsa yake zuba gwangwaninsa a buta. Ina kallo. Ni ma ina zubawa. Kwana shida na yi ina wanke ƙafata da ruwan daɗi, ƙanena yana gefe leɓensa yana tsagewa. Ban ɓoye wannan ba, ba kuma zan ɓoye ba.

Mai dafa abincin jirgin wani tsoho ne mai ido ɗaya, sunansa Bakari. Ya taɓa zama a Jidda cikin Hausawa, ya tsinci kalmomi kamar ashirin. Shi ya kama ni a bayan sanduna da buta a hannu. Bai yi ihu ba. Ya karɓe butar, ya sunsuna, ya kalli Sale da ke kwance, ya kalle ni. Ya ja ni da hannu zuwa gefen jirgi, ya jefa guga ya jawo.

"Wannan, alwala," ya ce. Ya ɗaga butar. "Wannan, sha. Annabi ya ce. Teku halal. Nahoda ya faɗa malam. Ya faɗa!"

Sannan ya kai ni wurin murhunsa, wani akwati ne cike da yashi da ake hura wuta a kai. Ya buga tafinsa a gefen yashin ya shafa fuska, ya nuna Sale. Ashe har ƙasar taimama tana cikin jirgin tun ranar farko.

Na je na sami Haladu. Na ce, "Malam, ashe abin da nahoda ya gaya maka ke nan?"

Bai ko ɗaga kai daga carbinsa ba. "Yanzu kuku ne malaminka? To ka bi shi. Kowa da kabarinsa."

Daga ranar na daina. Na hana Sale. Amma ruwa ya koma gwangwani ɗaya, jirgin kuma ya ƙara yoyo saboda rana ta buɗe katako, sai na wuni a ƙasa cikin duhu da wari ina miƙa guga. Nahoda ya yi wa Sale alfarma, shi ya bar masa biyu saboda ciwo. Wa zan bar wa su? Mai ciwon nan in ka ba shi zai shanye gaba ɗaya ya amayar. Sai an riƙa ɗiga masa. Na ɗauki gwangwanayen na kai wa Haladu. Ɗan ƙasarmu ne, shi kaɗai ke jin abin da Sale ke cewa. Na ce, "Malam, don Allah, kaɗan-kaɗan." Ya ce, "Ka je abinka, ɗana ne."

Kullum in na fito da yamma Sale zai ce, "Yaya, ruwa."

In ce, "Ba Malam ya ba ka ba?"

"Ya ce ya ƙare."

Sai Haladu ya girgiza kai. "Zafin ciwo ne. Yanzu ya sha." Ni kuma in yarda, don Sale ya fara surutai. Yana cewa yana jin ƙarar guga a rijiyar ƙofar gidanmu. Yana cewa a gaya wa Inna ta rufe randa, akuya za ta sa baki. Sai in tsaga nawa gwangwanin biyu in ba shi rabi. Kwana biyar muna haka.

Ranar da muka kai layin da ya raba duniya biyu, wanda malaminmu na firamare yake nuna mana a jikin ƙwallo, ban ga layi ba. Ruwa ne irin na jiya. Nahoda ya auna rana da wani ƙarfe ya yi magana, ma'aikatan suka karanta Fatiha, Bakari ya raba dabino bibbiyu. Al'adarsu ce wanda bai taɓa ƙetarewa ba a sheƙa masa gugan teku a ka. Aka kira ni daga ƙasa aka sheƙa mini, suna dariyar da ba ƙarfi a cikinta. Haladu ya ƙi, ya ce ba a sa masa najasa. Rana tana tsakar ka sosai. Na duba ƙasa, ba ni da inuwa. Turken jirgi ba shi da inuwa. Mutum goma sha bakwai a tsaye da kwance, ba mai inuwa ko ɗaya.

Sale ya ɗaga hannunsa yana juya shi a kan katako. Ya ce, "Yaya, ina inuwata?"

Na ce, "Kowa ma babu. Wurin ne haka."

"A'a. An kama mini kurwa. Ka gaya wa Inna ba a gida aka kama ni ba, kada ta zargi kowa."

Na tashi in karɓo ruwansa a wurin Haladu in jiƙa masa baki. Ban gan shi ba. Na zaga bayan sanduna.

Yana tsugune, ya naɗe hannun riga. Gwangwanin Sale ne a hannunsa, na san shi, na madara ne mai lotsattsen baki. Ya gama fuska da hannuwa, yana kan ƙafar hagu, yana tsiyayawa a hankali yana sa yatsa tsakanin yatsu. Ruwan yana bin katako, rana tana shanye shi kafin ya yi taki ɗaya. Ɗayan gwangwanin yana gefe a kife.

Na ce, "Malam."

Ya ɗago. Wallahi bai firgita ba. Ya ce, "Garba, wanda ya kama hanya ba ruwa ne zai tsayar da shi ba. Salla kuwa ba ta jira."

Nasa ruwan shanye shi yake yi. Na Sale yake wa Allah ibada da shi. Na san na yi kansa, na san ma'aikata huɗu ne suka ɓamɓare ni, ban san sauran ba. Nahoda ya sa aka ɗaure ni a turke har la'asar, don a jirgi ba a barin faɗa. Daga inda nake ɗaure ina ganin Bakari yana ɗiga wa Sale nasa rabon da tsumma. Ya makara. Washegari da hantsi Sale ya cika, kansa a cinyata. Bai yi wata magana ta ƙarshe ba. Bakinsa ba ya iya haɗuwa.

Da ruwan teku aka wanke shi. Bakari ya ba da zanensa aka yi likkafani, aka ɗaura masa dutse daga gindin jirgi. Nahoda ya ja salla. Haladu ya tsaya a sahu, ya ɗaga hannu tare da mu. Ni na riƙe kafaɗun, wani ya riƙe ƙafafu, muka sake shi. Ruwan wurin garau yake, abin da ban sani ba ke nan. Na zaci zai ɓace nan take. Sai na yi ta ganinsa, fari, yana sauka a tsaye, yana juyawa a hankali, yana ƙanƙancewa, har ya zama kamar ƙwayar shinkafa. Ban san lokacin da na daina ganinsa ba, shi ya sa har yau a wurina bai kai ƙasa ba.

Bayan kwana biyu hadari ya haɗo. Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, aka shimfiɗa zanen jirgi aka cika duro da tukwane. Mutane suna buɗe baki sama suna kuka. Ni na zauna, ruwa yana dukana, na kasa haɗiya. Iska ta biyo bayansa, ba ta sake tsayawa ba sai Yaman.

A bakin gaɓa muka rabu da Haladu ba sallama. Na shiga Jidda a ɓoye cikin motar awaki, na yi shekara huɗu ina wankin mota da dako, har aka kama mu aka dawo da mu. Da na iso Lakwaya na tarar ya riga ni da shekara biyu. Inna ta rungume ni tana kuka, ta ce, "Allah ya saka wa Malam Haladu. Ya ce kwana biyar bai sha ba, yana ba ɗan'uwanka. Ya ce Sale ya tafi da sanyi a bakinsa."

Na so in gaya mata gaskiya. In na faɗa, na ƙwace mata sanyin nan, kuma dole in faɗi kwana shidan nawa. Na yi shiru. Kowace kaka sai ta ware dami ɗaya na gero ta ce a kai Durun, kuma ni take sawa in ɗaura a keke. Nakan kai ƙofar gidansa in jefar in juyo. Shekara tara ina haka har ta rasu.

Ina gyaran keke a Gwarzo yanzu. Mutane suna cewa ba ni da fara'a. A masallaci nakan jira kowa ya gama alwala kafin in matso, don ƙarar ruwan buta a kan siminti tana tayar mini da tsigar jiki. Wani lokaci ina cikin ɗaura taya da rana tsaka sai in ji an ce "Yaya" a bayana, a hankali, irin muryar da ba yawu a cikinta.

Da aka ƙaddamar da Shari'a, Haladu ya shiga cikin masu wa'azi. Gemu ya yi fari, rawani ya ƙara girma. Wata ranar kasuwar Kabo na je sayen kayan keke, na ji muryarsa a lasifika yana karantar da babin tsarki. Wani ya tambaye shi hukuncin ruwan gishiri. Na tsaya cak. Ya ce ruwan teku mai tsarki ne, mai tsarkakewa ne, babu saɓani. Ya ce shi da kansa ya ƙetare teku, ya ga jahilai suna ɓarnar ruwan sha a kan alwala, ya hana su. Mutane suka yi kabbara.

Na jingine kekena na jira. Da aka kira la'asar ya fito gefen masallaci, aka ajiye masa buta, ya zauna a kan dutse. Mutane biyar ko shida suna kewaye da shi. Na je na tsaya a gabansa.

"Salamu alaikum, Malam."

"Wa alaikumus salam. A'a, Garba ne? Ina wuni, ina gajiya? Ya iyali? Ya haƙurin Inna? Allah ya jiƙanta, mace ta gari."

"Amin. Na ji karatu."

Ya kalli mutanen, ya kalle ni. Ya rage murya. "Ka bari a idar da salla mu yi magana a gida."

"A'a, nan ya yi. Yi alwalarka, ba hana ka zan yi ba."

Hannunsa yana kan butar, bai ɗaga ta ba. Wani daga cikin mutanen ya ce, "Bawan Allah, lafiya?" Na ce lafiya lau, tsohon abokin tafiya ne.

Haladu ya ce, "Garba, abin da ya wuce ya wuce. Ajali ne. In akwai kuskure, ka yi haƙuri."

Na ce, "Haƙurin ba nawa ba ne, Haladu, balle in ba ka. Mai shi ba shi da kabarin da za ka je ka tsuguna. Ba kotu zan kai ka ba, shaiduna suna bayan teku, ban ma san ko suna raye ba. Abu ɗaya na zo in gaya maka a gaban mutanen nan. Hukuncin da ka karantar yau, an gaya maka shi a rana ta uku, da Larabcin da kake ji, ka ce mana maganar katako ake yi. Kwana biyar Sale yana ce maka ruwa, kana wanke ƙafa da shi. Uwarsa ta mutu tana sa maka albarka, wannan laifina ne, ni na bar ta. Ranar da za a tsayar da mu, ni zan faɗi kwana shidana da bakina, na daɗe ina shirya su. Sale ma zai faɗi nasa da bakinsa. Ka shirya, don a can ba kai ne tafinta ba."